Ranar da Alwyn Ke Kulle Hanya

Hanyar da ta ratsa makiyayar tumakin Alwyn Metcalfe ta ɓulla bayan coci ba ta jama'a ba ce, tasa ce. Kowa na bi, bai hana ba. Amma duk shekara, ɗaya ga Fabrairu, sai ya zarga sarƙa a ƙyauren ƙarfen da ke bakin hanyar, ya danna kwado har faɗuwar rana. Haka ubansa ya yi. Dokar Ingila ta ce in mutane suka shekara ashirin suna bin hanya ba a taɓa tare su ba, ta zama tasu.

Tsoho Cyril, mai raba wasiƙu a da, bai taɓa yarda da wannan kulle ba. Duk ranar sai ya zo da sandarsa ya girgiza ƙyauren, ya kira Alwyn marowaci ɗan marowaci. Alwyn ya ce masa ya je ya kai ƙara. Daga nan su sha shayi, kowa a nasa gefen.

Bana Cyril ya mutu. Ya bar wasiyya a ɗauki akwatin gawarsa a kafaɗa ta wannan hanya, matarsa Doreen kuwa ta sa jana'iza ɗaya ga Fabrairu.

Ana yayyafi masu ɗauke da gawar suka iso, rabin ƙauye a bayansu. Alwyn na tsaye, makulli a aljihu.

"Da gangan kika zaɓi yau, Doreen."

"Shi ya zaɓa, ɗan nan. Ya ce a jira, yana so ya ga yadda za ka yi."

In ya buɗe kwado a gaban mutane, za a ce bana bai kulle ba. In ya ƙi, sai su zagaya da Cyril ta titi, manyan motoci na watsa musu ruwa.

Ya dubi akwatin. Sai ya koma ɗaya gefen ƙyauren, inda babu sarƙa, ya sa kafaɗa ya ɗaga shi daga ƙugiyoyin da yake rataye, ya janye shi gefe, sarƙa da kwado na nan yadda suke.

"A kulle yake. Ku shaida."

Masu ɗauka suka wuce. Doreen ta tsaya, ta kama kwadon ta girgiza.

"Marowaci," ta ce a hankali.

Alwyn ya mayar da ƙyauren, ya haura ta sama, ya bi su coci.