Abin da Bai Shiga Littafin Kawu Ba

Daga Litinin, uku ga Maris, zuwa Alhamis, ashirin ga watan, kwamfutar tsohon malamin tarihi ta ɗauke sau goma sha ɗaya. Kowanne ya shigar da shi a ɗan littafinsa: rana, lokaci, da wanda ke zaune gabanta. Duka goma sha ɗayan a hannun Auta suka faru, 'yar ƙanwarsa, wadda ke biyowa in ta tashi daga aiki don ta gyara masa tsofaffin hotuna ɗari huɗu da shida na littafin da yake rubutawa a kan makarantar da ya koyar.

Ran ashirin ɗin ya buɗe mata shafin, ya bi layukan da yatsa.

"Kawu, wato ni ce mai mugun hannu?"

"Ban faɗa ba. Rubutu ne ya faɗa."

Ta rataya jakarta. "To, rubutun ya ƙarasa maka hotunan."

Kwana takwas ba ta leƙo ba, uwarta ma gaisuwar waya ta koma a taƙaice.

Mai gyaran kwamfuta ta zo da safiyar Asabar, mace mai tabarau da ƙarancin magana. Ta ba na'urar aiki mai nauyi da gangan, ta ja kujera ta zauna. Fankar cikin na'urar ta yi ta gurnani. A minti na goma sha huɗu allon ya yi shuɗi.

"Baba, ga ta nan ta mutu, kuma babu hannun kowa a kanta. Wa ya ƙara wa ƙwaƙwalwarta gudu? An ɗora ta sama da abin da masu ƙera ta suka tsara."

Sai tsohon ya tuna. Ran ɗaya ga Maris surukinsa ya kawo ziyara, shi kuma ya yi masa ƙorafin nawar na'urar. Surukin ya shiga saitinta, ya fito yana murmushi, ya ce yanzu sai dai a riƙe ta.

"Amma ni ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba," in ji shi.

"Me kake yi da ita?"

"Rubutu."

"Rubutu ai ko barci take yi za ta iya. Hotuna ne ke sa ta gumi, ga ɗakin nan da zafi da yamma. Mai yin aikin gaske ita za ta gamu da matsalar."

Ya koma shafin farko na ɗan littafinsa. Ɗaya ga Maris babu komai, domin a ganinsa gyara aka yi, ba abin rubutawa ba ne. Shekara talatin da huɗu yana gargaɗin ɗalibai cewa wanda aka tarar a wurin ɓarna ba lallai ne shi ya yi ta ba, kuma a tambayi kowace takarda abin da ta bari a waje. Ya ciro alƙalami, ya rubuta ziyarar surukin a saman shafin, ya sa hannu.

Mai gyara ta mayar da saitin yadda aka ƙero shi, ta sake gwaji na awa biyu. Shi kuwa ya sa hularsa, ya ɗauki littafin, ya taka har gidan ƙanwarsa.

Auta ta karanta sabon layin sau biyu.

"Kawu, wannan ban haƙuri ne ko gyaran kuskuren bugu?"

"Duka biyun."

Ta dawo ran Litinin. Kowane hoto ya riƙa ɗaukar ƙarin daƙiƙa tara, kuma na ɗari huɗu da shida ya kammalu ran sha bakwai ga Mayu ba tare da na'urar ta sake ɗaukewa ba.