Akuyar da Aka Ajiye wa Othniel

…kuma ko kai ba ta ɗagawa yanzu, Othniel. Da can in na taɓa mata baki da magani sai ta yi tsalle ta kife kwalbar, in bi ta da zagi. Yau ga ta kwance gindin darbejiya, in tsoma gashin kaza, in shafa, in tsoma, in shafa, ido kawai take bi na da shi. Leɓe duk ƙuraje. Hanci, fatar ido, hantsa, har ƙarƙashin wutsiya. Maganin ƙurajen nan da ake ce wa ji-bi ya mai da ita shuɗiya, ni ma yatsuna sun rine. Ranar Lahadi a coci cikin zane na ɓoye hannu, ni Edith, da na yi shekara talatin ina duba farcen 'ya'yan mutane a firamare.

Kai, ƙudan nan! Ku tafi can, ba ta mutu ba tukuna.

Agana ce ta awaki, in ji Jibrilla. Jibrillanka dai, abokin karatunka. Da ka gan shi yanzu — ya ajiye tumbi, 'ya'ya uku, shi ake kira likitan dabbobi daga Gwadabawa har nan Damilu. Talata ya zo, ya tsuguna, ya sa safar hannu, ya buɗe mata baki. Ya ɗago ya dube ni. "Dada, shuɗin nan ba ya kashe cutar. Ƙuda da ruɓa kawai yake hanawa. Jiki ne ke yin yaƙin, ita kuwa garkuwar jikinta ta ƙare." Wai da matashiya ce, mako uku ɓawon zai bushe ya zube, ta tashi abinta. Amma shekara goma sha ɗaya? Baki ba haƙori? Sai ya ce, "Da an kira ni da wuri…" ya haɗiye sauran, ya tashi yana kaɗe wando.

Da wuri.

A wuya ka ɗauko ta daga kasuwar Ngurore, tana ta ihu, ta yi maka fitsari a riga. Watan takwas ne, kana shirin komawa Mubi. "Mama, ki kiwata mini ita. Ranar da na gama makaranta mu yanka, a kira 'yan coci duka." Ka raɗa mata Queen don ba ta cin dusa sai an barbaɗa kanwa. Na ce wace irin akuya ce mai yanga haka, ka ce uwar gidan ta biyo, ɗan banza, na ɗaga ludayi ka ruga — bayan wata biyu, wata Laraba ce. Ina tsince shinkafa waya ta yi ƙara. "Mama, 'yan bindigar nan sun shigo gari, muna gudu, cajina zai…" Shi ke nan. Shinkafar har yau ban tuna wanda ya kwashe ta daga ƙasa ba.

Kwana tara Jibrilla ya iso, ƙafa a kumbure, takalmi ɗaya. A kan dutse kuka rabu, kai ka bi hagu da masu nufar Kamaru, shi ya bi dama. Hagu ina ne? Na je sansanin 'yan gudun hijira na Damare da hotonka, na je Malkohi, na je Fufore. Kowa ya ga mai kama da kai, ba wanda ya gan ka.

Tsaya mana, Queen, saura gefen nan. Ruwan ɗumi da gishiri tukuna, ɓawon ya yi laushi. Kada a ɓare, in ji Jibrilla, in ya faɗo da kansa a share a ƙone. Gashin kaza ɗaya, shafa ɗaya, sai wuta. Na bi duka. Sauran awakin na tura su Namtari wajen kawunka Zadok, ya keɓe su a bayan gona. Adda maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, wai man shanu da kanwa, haka kakanninsu ke yi a Yola. Liyatu ta zumuntar mata wai manja da toka. Wani ma baƙin man inji ya kawo mini a gwangwani, Jibrilla ya ce in na kuskura ba ruwansa. Kowa likita ne a kan akuyar wani. Man kaɗe kaɗai ya yarda in sa a inda ya tsage, kunu kuma da cokali, kaɗan-kaɗan, rabi na bin gefen baki yana zuba ƙasa.

Ba ka san abin da na yi da bakina ba ko? Ina za ka sani.

Shekara biyu da ɓatanka babanka ya zaunar da ni. Albert, mai magana ɗaya a wuni. "Edith, a yi wa yaron nan sujadar ban kwana. Mu ma mu san inda muka tsaya." Na miƙe tsaye. Na nuna turke, na ce ranar da akuyar can ta mutu don kanta, ka kira Fasto, ba zan ce uffan ba. Kafin nan duk wanda ya ce mini ɗana ya mutu, ni da shi har abada. Ya ce, "To." Ai na ɗauka kafin Kirsimeti za ka buga ƙofa. Wa ya san ran akuya na da tsawo haka… wa ya san yana da iyaka?

Bai sake tayar da zancen ba, shekara tara. Shi ke sayo mata harawa ma. Amma jiya na ga baƙar kwat ɗinsa a kan igiya. Wai fumfuna ce ta kama ta. A wannan zafin na Jimeta, da ƙwai zai soyu a kan kwano? Na so in fizge ta in jefa a kwata. Ban yi ba. Na tsaya ina kallonta, har na lura maɓalli ɗaya ya yi sako-sako, har na ce a raina bari in ɗinke masa…

Yesu. Me ya kai ni?

Tsoro nake ji, Othniel, gaskiya ke nan. In ta tafi, me zan ce ina yi da asuba? Wa zan yi wa faɗa? Ko ka shigo yanzu-yanzu ma, naman nan ba ya ciwuwa. Ka dawo daga inda ka dawo, uwarka ta tarbe ka da akuya shuɗiya mai wari.

Da wuri, in ji Jibrilla. Talata ya zo. Na ce masa Litinin na gani.

Ba Litinin ba ce.

Tun Larabar da ta gabace ta ce. Na sunkuya zan ɗaure ta, na ga ƙwaya biyu a hantsa, jajaye, kamar ƙwayar gero. Na taɓa. Jikinta zafi rau, hanci na yoyo. Ni da ƙwarƙwata ɗaya ba ta tsere mini a kan yaro daga bayan aji. Lambar Jibrilla na cikin waya, waya na ɗaure a bakin zane. Laraba, Alhamis, Juma'a… na yi wanki, na je kasuwa, na je gwajin waƙa. Kwana shida. Kuma na yi barci. Barci mai nauyi, irin wanda rabona da shi tun ranar shinkafar nan, har rana ta tashe ni. Na farka jikina sakayau, na leƙa ta taga na ga tana tsaye, sai na ji — me na ji? Ba murna ba ce. Wayyo Allah, ba murna ba ce.

A'a. Mantuwa ce, tsufa ne. Ai ga ni ina shafawa, sau uku a rana, dubi hannuna, dubi…

Gashin kazar ya bushe a yatsuna. Ƙuda ya sauka a kan idonta, ba ta ƙifta ba — ta ƙifta. Cikin na ɗagawa, a hankali, a hankali. Ga takun babanka a bayana, silifas ɗin nan da yake ja. Ya tsaya nesa, inda ya saba tsayawa.

"Edith, tana numfashi?"

Tana yi. Amma ban san wace amsar nake so in ba shi ba, Othniel. Na gaji, ɗana.