Lambar Harajin Malam Dalhatu

"Ni fa baƙo ne, Gwadabe. Me ya haɗa baƙo da lambar haraji?"

Malam Dalhatu ya faɗi haka yana gyara zama a kan dakali. Gwadabe, maƙwabcinsa mai sayar da hatsi, ya yi murmushi kawai, domin ya saba jin zancen. Dattijon tsohon ma'aikacin gidan waya ne a Damagaram. Bayan ya yi ritaya matarsa ta rasu, sai ya tsallako Maigatari wurin 'yarsa Rakiyya da ke aure a nan, da niyyar yin wata guda. Ga shi har jikan da aka haifa a gabansa ya shiga makaranta.

Mijin Rakiyya ne ya kawo maganar. Wai idan yana son fanshonsa ya riƙa shigowa banki a nan, ya huta da tsallaka iyaka da ciwon ƙafa, gara ya yanki lambar.

"Ba kuɗinka za su ci ba," in ji Gwadabe. "Sanin zamanka kawai za su yi."

"Ai shi ne abin. Ranar da na karɓa, na sallama gida ke nan. Kabarin matata Kande yana can."

Gwadabe bai sake tayar da zancen ba. Sai bayan damina, wata Litinin da hantsi, ya ga dattijon a ƙofar shagonsa da farar riga da sanda.

"Raka ni Gumel."

A ofishin haraji, wata ma'aikaciya ta tambayi dattijon sunansa da aikinsa, sannan ta ce, "Baba, ina ne mazauninka?"

Ya daɗe bai amsa ba, har Gwadabe ya ɗauka bai ji ba.

"Maigatari," ya ce. "Bayan kasuwar dabbobi."

A mota suna dawowa yana ta kallon gonakin da aka girbe. Daf da gari ya ce, "Ashe kalmar ba ta da nauyi a baki."

Sanyi na shigowa ya kwanta da ciwon ƙirji. Bai yi mako ba, ya cika wata Juma'a da safe.

Rakiyya ta aika aka kira Gwadabe zaure, ta tsaya daga bayan ƙofa. "Baba Gwadabe, ƙannensa sun bugo waya, sun ce a kai shi Damagaram kusa da Inna. Ni na rasa abin yi. Ko ya taɓa gaya maka wani abu?"

Wasiyya dai dattijon bai bar wa Gwadabe ba, kuma shi ba zai ƙara wa mamaci magana ba. Ya gaya mata abin da kunnensa ya ji a Gumel, da yadda dattijon ya daɗe kafin ya faɗa.

"Iyakar abin da na sani ke nan, 'yata. Sauran naku ne."

Ya ji tana jan numfashi. "A haƙa a nan," ta ce.

Bayan an sauko daga masallaci aka kai shi. 'Yan'uwansa ba su iso ba sai la'asar, sun taras an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Babbansu ya duba fuskokin da bai sani ba, ya wuce kai tsaye wurin Gwadabe da ke zaune yana karɓar gaisuwa, ya durƙusa ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa," in ji Gwadabe, ya matsa ya ba shi wuri a kan tabarma.