Sadakar Kakar Araseli

Har yau in Ummukulthum ta ji ƙamshin masara a kan wuta, Giza ta ƙasar Masar take tunawa, da benen nan mai hawa biyar wanda lif ɗinsa bai taɓa aiki ba, da shekarar 2012, lokacin tana karatu a jami'a.

Ranar da mai gidan ya ce mata 'yar Meziko ce za ta kama ɗaya ɗakin, kasa karatu ta yi don murna. Ai ta san Meziko! A Zariya ta taso tana kallon wasanninsu a talabijin: mata masu gashi har gadon baya suna kuka a kan matattakala, maza da faffaɗar hula, kowa na son wanda ba ya son sa. Sai ga Araseli ta iso, gajera, da tabarau, da akwatin littattafan nahawun Larabci.

"To, ina saurayin?" Ummu ta tambaye ta da Larabci, suna shan shayi.

"Wane saurayi?"

"Wanda ya yaudare ki, kika gudo Masar mana."

"Ya salam! Karatu ya kawo ni, habibti. Ke fa, ina zakinki? An ce kowane ɗan Afirka na da guda a bayan gida."

Daga wannan dariyar suka shaƙu. Ummu ta buɗe firij wata rana ta tarar da zoɓon da Araseli ta haɗa, suka yi ta musun na ƙasar wa ne, alhali Misirawa ma cewa suke nasu ne. Tsamiya, barkono, wake, duk Araseli ta san su tun tana yarinya. Kuma Ummu ba ta taɓa ganin ta tana kuka ba, ko a watan Mayu da aka bugo waya cewa kakarta Konsuwelo, wadda ta raine ta, ta rasu. Jarrabawa ta hana ta zuwa jana'iza.

A farkon Nuwamba Araseli ta ce, "A ƙasarmu gobe ranar matattu ce. Zan yi wa kakata girki."

Ta wuni a kicin. Ta yi wani abu kamar alale amma na masara, a naɗe cikin ɓawonta, ta gasa burodi mai sukari. Da safe ta jera su a teburin falo gaban hoton tsohuwar, tare da furanni ruwan ɗorawa da ta je har unguwar Ma'adi ta sayo, sannan ta fita neman kyandir.

Ummu ta tsaya kan teburin, tausayi ya cika mata zuciya. A gida, abincin da aka dafa don mamaci ba ya zama, da zafinsa ake kai wa maƙwabta. Baiwar Allah, baƙuwa ce, ga kunya, wa ta sani a benen nan? Sai ta yafa mayafi, ta zuzzuba a faranti, ta bi hawa-hawa tana ƙwanƙwasa ƙofofi. "Sadakar kakar Araseli ce, a sa ta a addu'a."

Da Araseli ta dawo, hoto da furanni kaɗai ta tarar.

"Ina abincin?"

"Khalas, na raba miki. Har mai gadi ya samu," in ji Ummu, tana murmushi.

Araseli ta ajiye kyandir ɗin a hankali. "Nata ne, Ummu. A wurinmu yau muke jiran ta zo gida, ta tarar da abin da take so. Garin masarar nan ita ta ƙulla min da hannunta kafin in taho. Shi ke nan ya rage." Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Ummu ta zauna a ƙasa. Ta yi ta cewa ma'alish, tana ba da haƙuri ta bakin ƙofa, har muryarta ta dishe. Tana jin motsin akwati a ciki.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Matar mai gadi ce, da farantinsu cike da shinkafar madara, don a Masar ba a mayar da faranti wayam. Bayanta ga Mahasin, 'yar Sudan ta hawa na uku, da dabino da soyayyar gyaɗa. Can ƙasa ana jin takun wasu suna hawowa.

"Ina mai kakar?" matar mai gadi ta ɗaga murya. "Ya binti, fito! Me kika zuba a ciki haka? Mijina har da hawaye don yaji, amma bai rage min ko loma ba. Ya sunan marigayiyar?"

Ƙofa ta buɗe. Araseli ta dubi farantan, ta dubi matan. "Konsuwelo," ta ce.

Suka yi ta gwada sunan, ba wadda ta faɗe shi daidai. Araseli ta karɓi farantan ɗaya bayan ɗaya ta jera gaban hoton.

"Kullum kakata cewa take girkin maƙwabta ya fi daɗi, don ba ita ta sha hayaƙi ba," ta ce, tana goge tabarau da bakin riga. Ta juyo ga Ummu. "Ke kuma sarkin rabo, tashi ki ɗora wa baƙin kakata shayi. Amma wallahi kika sake matsowa kusa da teburin nan, sai na karya miki hannu."