Motar Illo Bayan Takaba

Maigidana Illo ya rasu jim kaɗan bayan ya sayi sabuwar motar lantarki. Har na fita takaba tana lulluɓe a tsakar gida, babu wanda ya taɓa ta.

Ranar da na fara tuƙa ta, sitiyarin ya riƙa karkata dama a hankali, kamar an ɗora hannu bisa nawa. Motar ba ta ƙara, numfashi kawai nake ji, ban kuma tabbata nawa ne kaɗai ba. Ban gaya wa kowa ba, domin na soma marmarin hannun nan. Sai ranar da ta kusa jefa mu cikin wani lambu a unguwar Goudel, jikata Zalika tana zaune baya, na kai ta gyara.

A garaji, Malam Nazifi makanike ya ce, "Hajiya, dogon zama ne ya rikita na'urar. In na daidaita ta, ba za ta sake ja ba."

"Ko kaɗan?"

Ya dube ni. "Ko kaɗan, Hajiya."

Na yi wa Illo addu'a a zuci, na miƙa makulli. Bayan gyara, a hanyar komawa gida Banifandou motar ta miƙe ɗoɗar, ni kaɗai a cikinta.