Littafin da Ya Sha Hannu

Ba a yi sati da binne Injiniya Norbert ba, na'urar gwajin jini ta wani ƙaramin asibiti a Lafia ta daina magana da kwamfuta. Shi ya rubuta direban, wato ɗan shirin da ke haɗa su, ga shi direban ya lalace. Likita ya ce in wata ya ƙare ba ta tashi ba, za a mayar da ita Jos. Iveren mai kula da ita kuwa sai ta koma gonar doya a Adogi, ita da diflomarta.

Hankali a tashe ta je wurin Ursula, matar marigayin.

"Littafi biyu ya rage, my pikin," in ji Ursula. "Ɗauki ɗaya. Ɗayan na Batulu mai ƙosai ne, ita ta ciyar da baƙin makoki."

Ɗaya ƙato ne, fes da shi, yana bayani a kan kanel, wato zuciyar tsarin kwamfuta. Ɗayan siriri, ba bango, duk dattin yatsa. Iveren ta rungumi ƙaton. Wa zai ga laifinta? Ko a kasuwa babbar doya ake fara ɗagawa.

Ta yi ta karatu har idonta ya yi ja. Littafin ya san komai, ban da abin da take nema. Ko sau ɗaya bai ambaci wayar da ke bayan na'urar ba. Tsoro ya cika ta, abinci ma ya daina shiga.

Ana gobe wata zai ƙare, ta tsaya tasha ta sayi ƙosai. A jikin takardar da aka ƙunshe shi ta ga zanen filogin na'urarta sak, da bayanin yadda ake rubuta masa direba. Sai yanzu ta gane: ƙaton yana da tsabta ne don Norbert bai taɓa bukatarsa ba.

"Inna, ina sauran littafin nan?" ta tambayi mai ƙosan, ashe Batulu ce.

"Ya ƙare, 'yata. Wannan ne na ƙarshe," in ji Batulu. "Takarda mai kyau, yana shan mai sosai."

Iveren ta dubi filin tashar. Takardu masu maiƙo ko'ina, wasu a ƙarƙashin tayoyi, wasu a kwata, wata a bakin akuya. Ta ajiye ƙosan, ta durƙusa da fararen kayan aikinta, ta fara tsinta.