Ƙullin Genzaburo

Ku matso in ba ku labarin shekarar da raina ya fita yawo ba sallama.

Damina ce, ana yayyafi, magariba ta kawo kai. Ina bakin rijiya ina wanke shinkafa, maigidana Genzaburo yana zaune yana fama da igiyar takalminsa na ciyawa. Sai ga wata wuta shuɗiya ta tashi daga rufin gidanmu, a hankali kamar mai ciwon ƙafa, ta nufi gonakin shinkafa. Hitodama ce, wato wutar ran mutum. Kowa a ƙauyenmu ya sani, in ta bar gida, mai ita kwana uku ya rage masa. Ta namiji tana da jela, ta mace kuwa dunƙulalliya ce.

Na ce, "Maigida, ka ga jela?"

Ya ƙura ido, ya ƙara ƙurawa. "Otane, ko ɗigon jela babu. Kuma ga ta ƙatuwa, tana tafe tana rangaji. Ke ce sak."

"Sannu da ta'aziyya."

Maganin abin bai da wuya. Mutumin gidanka zai ƙulle gefen rigarka ta ciki, ƙullin ya kwana uku bai kwance ba, sai ran ya dawo dole. Kai ba ka ƙulla wa kanka. To, mu biyu ne kaɗai a gidan, kuma duk faɗin ƙauyen babu wanda ya kai Genzaburo rashin iya ƙulli. Damin da ya ɗaure, kafin ya kai ƙofa ya zama tabarma.

Ya durƙusa, ya fito da harshe, ya ƙulla. Na yi taku biyu, ƙullin ya warware. Ya sake, na yi atishawa, ya warware.

Na ce, "Shekara talatin da ɗaya ina dafa maka miya, ashe ƙulli ne zai kashe ni."

"Rigar ce santsi gare ta!"

"Kanka ne santsi gare shi."

Can sai ya tattara gefen rigar, ya murɗe, ya dunƙule a tafin hannunsa. Ya ce, "Wannan dai ba ya kwancewa. Mu je."

Haka muka yi kwana uku. In hura wuta, yana tsugune a bayana, hayaƙi na cin idonsa. In shiga gona, yana biye da ni cikin taɓo, a sunkuye. Maƙwabciyarmu Omasa ta leƙo ta shinge ta ce, "Otane, wannan akuyar nawa kika saye ta?" Bai ko ɗago ba. In shiga banɗaki kuwa, yana waje, hannunsa na ciki, yana ta roƙona in yi sauri. Barci ma ƙin yi ya yi, wai kada yatsunsa su saki. In ya fara gyangyaɗi sai ya ciji leɓensa, ya hau zagin wutar, ita da iyayenta.

Safiya ta huɗu na farka, na taɓa hancina, da ɗumi. Na ce, "Saki, maigida, ina nan."

Hannun ya ƙi buɗuwa, ya sandare. Sai da na jiƙa shi a ruwan zafi, ina ɓamɓare yatsun ɗaya ɗaya, shi kuwa yana ihu kamar shi ne mai mutuwar.

Da hannun ya buɗe, ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "To, tunda kin fasa, a zuba mini shinkafa."